Shekara Tara a Cikin Tankin Mai

Sunana Bulus. Asalinmu Fadan Kagoma, amma a Kafanchan na tashi, a bayan loko, wato gidan gyaran kan jirgin ƙasa, inda mahaifina ya yi wa reluwe aiki har bayansa ya lanƙwashe. Ni ma can na fara, lebura mai goge ƙarƙashin kan jirgi. Bayan rikicin da aka yi a 1987 garin ya yi wani irin sanyi wanda ba na lafiya ba. Maƙwabta suka daina shiga gidan juna, reluwe kuma ta shiga sallamar ma'aikata, ina cikin na farko. Damina ta gaba a Abijan ta same ni, da jaka ɗaya da adireshin wani mutum da ban taɓa gani ba.

Abijan

Mutumin dillali ne, kowa Shef yake ce masa. Ya karɓe mu mu shida da fara'a, ya ce jirgin ruwan da zai ɗauke mu aiki yana hanya, kafin ya iso mu ɗan taɓa aikin titi don kada jiki ya mutu. Wata huɗu muka yi muna zuba tafasasshiyar kwalta cikin rana, da silifas a ƙafa. Ranar da na matsa wa ɗan kwangilar titin da tambayar yaushe jirginmu zai zo, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe babu wani jirgi. Shef ya sayar masa da ƙarfinmu tun ranar da muka sauka, ya kuma bar gari tuni.

A satin ne kwalta ta zubo mini a ƙafar hagu. Ba na jin Faransanci, ban san inda asibiti yake ba. Ina ɗingishi a bakin tashar jiragen ruwa sai na ji wata mata tana ciniki da Hausa. Na tsaya cak kamar an kira sunana. Hajiya Mariya ke nan, mutuniyar Nijar, mai sayar da tuwo.

"Ɗana, me ya sami ƙafar nan? Zo ka zauna."

Ta ga gicciyen da ke wuyana, na kuma ga ta gani. Na ja riga na rufe shi, don abin da na baro a gida bai bar raina ba.

"Daga ina kake?"

"Daga Kafanchan, Hajiya."

"Ina ne kuma Kafanchan?"

Ban taɓa tsammanin zan ji daɗi don wani bai san garinmu ba sai ranar. Ta wanke ƙunar da ruwan gishiri, ta shafa man kaɗanya, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Sati uku ina zaune a rumfarta ina taya ta wanke kwanuka. Ita ce ta yi wa wani kukun jirgi magana, wanda yake cin tuwo a wurinta, ya kai ni gaban ogansa. Ranar da zan tafi ta ƙulla mini yaji a leda. Ban sake ganinta ba.

Cikin jirgi

Jirgin dakon kaya ne, tsoho, na wani Bagirke. A ɗakin inji aka sa ni, can ƙasa, inda babu taga. Shekara ɗaya da 'yan watanni na yi a ciki. An ce mini mun je ƙasashe da yawa, amma ni dai abin da na sani shi ne ƙarar inji da tsumman goge mai. Da muka isa Pireyus, babbar tashar jiragen ƙasar Girka, sai aka ce an sayar da jirgin. Turawan cikinmu aka ba su tikitin gida. Mu baƙaƙe uku aka miƙa fasfo ɗinmu ga wani ƙaton mutum mai gashin baki, aka ce zai adana mana su, zai kuma ba mu aiki. Ba direban jirgi ba ne, amma Kaftin ake ce masa. Fasfona ban sake riƙe shi da hannuna ba.

Pireyus

Aikin Kaftin wankin tankunan jiragen dakon mai ne. In jirgi ya zo gyara, kafin masu walda su kusance shi, sai an kwashe abin da ya daskare a gindin tankinsa. Mu ne masu kwashewa.

Ta wata ƙofa ake shiga, faɗinta bai wuce bakin rijiya ba, a bi tsanin ƙarfe a yi ta sauka. Cikin ya fi majami'armu ta gida girma, ga duhu, sai fitila ɗaya a rataye. A ƙasa baƙin mai ne mai kauri kamar kunun da ya kwana, wani wuri har gwiwa. Shebur da bokiti, ka cika, a ja sama da igiya. Warin ba a hanci yake tsayawa ba, har cikin haƙora kake jin sa. Takunkumi babu, sai tsumma da za ka ɗaure baki da shi, kafin awa guda ya jiƙe ya zama baƙi.

Ranar farko santsi ya kwashe ni, na faɗi da baya, mai ya shige mini riga har wuya. Na ce, "Wayyo Allahna!"

Daga cikin duhu wata murya ta ce, "Kai! Wane ne yana kiran Allah da Hausa a nan?"

Hannu ya kamo ni ya ɗaga. Fuskar duk baƙin mai ce, sai idanu da furfura a gemu.

"Kai yaron ina?"

"Kafanchan."

Ya saki shebur. "Kafanchan wane? Na reluwe? Wane layi?"

"Bayan loko. Ɗan Baba Dogo mai jan sigina."

"Yesu! Babanka ya taɓa kora ni da bulala a kan mangwaro!"

Oga Felix ke nan. Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife shi, can ya koyi aikin fita, wato gyaran inji, can ya auri Saraya, 'yar Fadan Kaje. Shi ba ya jin yarenta, ita ba ta jin nasa, da Hausa suka yi soyayya, da ita suke faɗa. Hausarsa irin ta layinmu ce, mace da namiji duk "shi" ne. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, ya kuma riga ni shiga tanki da shekara goma sha ɗaya. Da farko ya je gida sau biyu. Daga baya takardunsa suka ƙare, ya zama in ya fita ba dawowa, ga yara uku a makaranta. Sai ya zauna.

Ranar ya kai ni ɗakinsa, a ƙarƙashin wani tsohon bene, ya raba katifarsa biyu da wuƙa ya ba ni rabi. Shi ya koya mini yadda ake rayuwa a tanki. In ka ji kanka ya fara yi maka daɗi kamar ka sha burkutu, hau sama maza, don daga nan sai faɗuwa. Kada ka shiga da ashana. Kada ka yi gardama da Kaftin ranar Litinin.

In an tashi, sabulu ba ya fitar da man, sai mu wanke jiki da dizal a cikin rabin duro, tun daga fuska har ƙafa. Kowace safiya Kaftin yakan ba kowa kwalin madara, ya ce tana wanke gubar ciki. Mukan sha mu gode. Da rana mu ci burodi da hannun da ba ya taɓa fita. In rana ta taɓa mu fata ta yi ta zafi kamar an shafa barkono. Hannuwan Oga Felix da wuyansa duk wasu ƙananan tsiro ne masu tauri, yakan yanke su da reza, su sake fitowa.

Turawan unguwar ba sa zama kusa da mu a bas. Ban ga laifinsu sosai ba, wari muke yi. Sai wata tsohuwa mai gidan burodi a kwanar layinmu, wadda ba mu taɓa fahimtar maganar juna ba. Kullum in mun wuce takan miƙo mana na jiya a takarda, ta dafa ƙirjinta.

Ranar Lahadi ba ma zuwa sujada, don 'yan sanda sun san inda baƙi ke taruwa. A ɗaki muke yin addu'a, mu dafa shinkafa, sai Oga Felix ya kwanta ya rufe ido ya fara kiran tashoshi. "Kafanchan. Kagoro. Manchok. Yanzu muna hawan dutse, inji yana nishi." In ya kai Jos sai ya juyo ya bi ta kudu, Jagindi, Gudi, Lafiya, har Makurdi. Ni kuma in ba shi labarin yadda ake shanya citta a kan duwatsun garinmu, da gwaten acca na mamata. Wani lokaci mu yi dariya. Wani lokaci kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya har shinkafa ta huce.

Wasiƙa takan yi wata guda ko fiye kafin ta kai gida. Waya kuwa, sau nawa muka tsaya a rumfar tarho, kati ya ƙare layin Kafanchan bai shiga ba. Haka shekaru suka yi ta wucewa, ban ma ƙirga su ba.

Likita

A shekara ta takwas da zuwana na shiga bayi bayan Oga Felix, na tarar ruwan bai tafi duka ba, ja wur.

"Oga, mene ne wannan?"

"Ba komai. Zafi ne."

"Tun yaushe?"

"Tun Ista."

Muna cikin watan Satumba.

Bayan 'yan kwanaki Kaftin ya tara mu da safe, mu marasa takarda, mu goma sha wani abu, 'yan Masar da 'yan Fakistan da mu biyu. Ya ce yau hutu, amma kada kowa ya fita. Ya tura mu cikin kwantenar ajiye kaya ya ja ƙofa. Ta wata huda na leƙa, na ga wata mata mai farar riga da akwatin ƙananan kwalabe. Fomanoni da direban kuran mai ɗaga kaya da mai gadi suka yi layi, kowa ya karɓi kwalba ya zagaya ya kawo fitsari. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa sa ƙafa a gindin tanki.

Wani ɗan Masar da ke jin yarensu ya ce likita ce daga jami'a, tana binciken abin da mai yake yi wa jikin ma'aikata.

Na san abin da zai biyo baya in Kaftin ya gan ni. Kiran waya ɗaya zai yi, in kwana a hannun 'yan sanda. Amma jan ruwan nan ya ƙi barin idona. Da aka buɗe mu da yamma na zagaya ta bayan shinge, na same ta tana sa kaya a mota. Turancina na firamare ne. Ban ma yi dogon bayani ba, hannuwana na miƙa mata, na juya su.

Ta dube su, ta dubi wajen ofishin Kaftin. Ta ce, "Ku nawa ne?"

Na faɗa mata.

"A ina kuke ɗazu?"

Na nuna kwantena. Fuskarta ta yi ja. Ta rubuta adireshi a bayan wata takarda ta ce in zo ranar Lahadi da duk wanda ya yarda. Sunanta Dakta Eleni.

Mu biyar muka je. Sauran sun ji tsoro, ban kuma zarge su ba. Ta ɗebi fitsari da jini, ta duba fatarmu da gilashi. Oga Felix kuwa ta riƙe shi aka yi masa hoto. Bayan sati biyu ta zaunar da mu, ta yi magana a hankali don mu gane. Ta ce a cikin baƙin mai da kwalta da hayaƙinsu akwai wata guba da ba a gani, tana shiga ta fata da numfashi, ta zauna shekara da shekaru, daga baya ta haifar da ciwon daji, a fata ko huhu ko mafitsara. Ta ce dizal ɗin da muke wanka da shi hanya yake ƙara buɗe mata.

Na ce, "Madara fa?"

Ta girgiza kai kawai.

Sannan ta juya ga Oga Felix ta faɗa masa nasa. Yana mafitsara, ya kuma riga ya kai ƙashi. Ya saurara har ta gama, ya gyara hularsa a gwiwa, ya ce mini da Hausa, "Tambaye shi ko zan kai Kirsimeti na baɗi."

Na tambaye ta. Ta ce ba ta so ta yi masa ƙarya.

Ta kuma gaya mana gaskiya a kan kanta. Ta ce za ta rubuta abin da ta gani ba tare da sunayenmu ba, amma rubutu yakan daɗe kafin ya canza wani abu, ita kuma ba ta da ikon rufe wurin. Ta ba mu safar hannu da takunkumi na gaske da wani sabulu.

Abin da har yau nake jin nauyin faɗa shi ne, ranar Litinin na koma tanki. Na san abin da ke ciki, na kama tsani na sauka. Ba ni da takarda, ba ni da wani aiki, ga mara lafiya a ɗaki.

Waya

Oga Felix ya yi kusan shekara yana jinya a kan rabin katifarsa, Dakta Eleni tana kawo magani. Da ciwon ya fi ƙarfina ta yi ta faɗi-tashi har ta samo masa gado a wani asibiti. Duk tsawon lokacin bai rubuta wa Saraya komai a kan ciwon ba.

"Ba zan sa wannan a takarda ba," ya ce. "Matana ba ya karatu sosai. Yaro ne zai karanta masa. Ina so ya ji a bakina."

Na faɗa wa Dakta. Sai ta ce mijinta, Malam Nikos, yana koyarwa a jami'a, kuma abin da yake bincike a kai ke nan, yadda za a riƙa tura muryar mutum ta intanet. Lokacin ni ko sunan intanet ban taɓa ji ba. Ya zo asibitin da kansa, mutum mai sanƙo da sanyin magana. Ya ce kwamfuta takan yayyanka murya ƙanana-ƙanana ta aika, a haɗa su a can, a zuba cikin layin tarho. Ya ce abin bai gama nuna ba, murya takan makara, wani lokaci wani yanki ya ɓace. Yana neman layi mai nisa da wahala ya gwada, mu kuma za mu iya magana iya son ranmu. Ya roƙi izinin ɗaukar maganar a kaset saboda aikinsa. Oga Felix ya ce ya ɗauka.

Na rubuta wa wani ɗan'uwansa mai shagon magani kusa da tashar jirgi a Kafanchan, wanda yake da tarho, na sa rana, wata Asabar a watan Oktoba da tsakar rana. Na ce a kawo Saraya da yara.

A keken marasa lafiya muka kai shi, an lulluɓe shi da bargo. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ɗakin cike yake da kwamfutoci da wayoyi a ƙasa kamar jijiyoyi. Malam Nikos ya ajiye masa makirfo a gaba da 'yar lasifika. Sau goma sha ɗaya ana gwadawa. A na sha biyu muka ji ƙara, sannan hayaniya, da hon ɗin mashin, da wani yana cewa, "Ya shiga! Ya shiga! Mama, zo!"

"Halo? Baban Chidi?"

Muryar Saraya ce. Oga Felix ya matso kusa da makirfo. Shekararsa goma sha biyar bai ji ta ba.

"Saraya."

"Halo? Ba na ji!"

"Saraya, ni ne."

"Baban Chidi! Kai ne?"

Maganarsu ta yi ta karo. Kafin tasa ta isa ta sake tambaya, kafin tata ta iso ya sake amsawa. Muryarta tana zuwa a gutsure, kamar mai magana a cikin motar da ke bin gargada. Malam Nikos ya ce in gaya musu kowa ya faɗi tasa ya jira. A haka aka gaisa. Yaran suka karɓa ɗaya bayan ɗaya. Chidi, wanda ya bari yana rarrafe, ya gaishe shi da muryar babban mutum, Oga Felix ya dube ni ya ce, "Wane ne wannan?"

Da Saraya ta dawo kan layi ya gyara zama, ya jawo makirfo da hannu biyu.

"Saraya, ka ji ni da kyau. Ba ni da lafiya. Ba zan dawo ba."

Muka jira. Lasifika tana ta shuu. Sai kawai guɗa ta fashe a cikinta, har Malam Nikos ya zabura.

"Ya ce zai dawo! Chidi, babanku ya ce zai dawo! Yabo ga Ubangiji!"

Shagon ya kaure da tafi da ihu. Malam Nikos ya nuna mini allon kwamfuta, inda layin muryar ya yanke a wuri biyu, yana tambayata me ya faru. Ni na riga na gane. Abin da ya isa Kafanchan kalma biyu ce kawai daga tsakiya.

Na kai hannu zan ɗauki makirfo in gyara. Oga Felix ya cafke wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinsa ba.

"Bar shi," ya ce. "Bar shi ya yi murna. Tun yaushe ban sa shi dariya ba?"

"Oga, za ta jira ka."

"Na ce ka bar shi, Bulus."

Muryarta ta sake isowa, tana haki. "Yaushe? Da Kirsimeti? Baban Chidi, da Kirsimeti?"

Ya rufe ido. "Yana hannun Ubangiji," ya ce.

Suka yi kusan awa guda. Ta ba shi labarin rufin ɗaki da ya yoyo, da akuyar da ta haifi uku, da waɗanda suka mutu a layinmu. Shi dai yana cewa "to", hawaye na bin gemunsa. Da layin ya yanke bai nemi a sake kira ba.

Ya rasu a satin farko na Disamba, da hantsi, ina wurin aiki. Na roƙi Malam Nikos muka yi ta kiran shagon kwana uku, layin a mace. Daga baya na ji ɓarayi ne suka yanke wayar unguwar. Na aika wasiƙa, ta isa bayan sabuwar shekara.

Mu shida muka binne shi, ni da Dakta da mijinta da 'yan Masar biyu da tsohuwa mai burodi. A nan na ji cewa a birnin nan shekara uku kawai ake bar wa mutum kabarinsa, daga nan a tone a kwashe ƙasusuwa a ba wani wurin. Wannan ban faɗa wa kowa a gida ba sai yau da nake rubutawa.

Bayan wata biyu Dakta Eleni ta yanke wani tsiro a damtsena. Ta ce an same shi da wuri, amma in na sake shiga tanki kada in ƙara zuwa wurinta. Ita ta raka ni ofishin jakadancinmu aka ba ni takardar komawa gida. Ranar da zan tafi Malam Nikos ya ba ni kaset a cikin ambulan. Ya ce ɓangarenmu ne, duk abin da aka faɗa a ɗakin yana ciki, babu yankewa. Ya ce ya yi ta sauraron wurin da muryar ta yanke, ya kuma san laifin na'urarsa ne. Na ce masa ba laifin kowa ba ne. Ban tabbata na yarda da abin da na faɗa ba.

Fadan Kaje

Saraya ta bar Kafanchan ta koma gidan mahaifinta. Na same ta da yamma a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙaramar mace mai furfura. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata agogonsa da Littafinsa Mai Tsarki. Ta karɓa ta ajiye a gefe, ba ta ko duba ba. Ta sa aka kawo mini ruwa.

"Kai ne Bulus. Ya sha rubuta sunanka."

"Ni ne, Mama."

"Ya sha wahala?"

"Ya sha. Amma an kula da shi."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Na yi wa ɗaki fenti. Na sayi zani iri ɗaya da yara. Satin Kirsimeti kullum ina tasha, in na gaji da ta jirgi in koma ta mota. 'Yan zumuntar mata har waƙa suka shirya masa." Ta jefa ɓawo a ƙasa. "Ban yi fushi don ya mutu ba, kowa zai mutu. Amma mutumin nan tun da na san shi bai taɓa ce mini zai yi abu bai yi ba. Ya san yana mutuwa, ya buɗe baki ya ce mini zai dawo. Fasto ya ce in yafe. Na gwada, Bulus, abin ya ƙi."

Na ce, "Mama, ina wurin. Ina zaune kusa da shi kamar yadda nake kusa da ke yanzu. Ba haka ya ce ba."

Hannunta ya tsaya.

"Cewa ya yi, ba ni da lafiya, ba zan dawo ba. Waya ce ta cinye sauran. Abin da ya iso gare ki shi ne, zan dawo."

"Sake faɗa."

Na sake faɗa mata, kalma bayan kalma, yadda ya faɗe ta. Ta yi ta motsa baki tana maimaitawa, tana cire na farko da na ƙarshe, tana mayarwa. Sai ta jawo agogon ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ashe ya faɗa mini," ta ce. "Ashe bai yi mini ƙarya ba."

Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka, irin wanda aka daɗe ana riƙewa. Matan gidan suka fito suka kewaye ta.

Kaset ɗin yana aljihun rigata. Muryar mijinta ce ta awa guda, da ita na zo in ba ta. Amma a ciki akwai inda ya ce in bar ta ta yi murna. Na zauna hannuna a kan aljihun har aka kawo tuwo, na ci, na yi sallama, na hau mashin na koma Kafanchan da shi.